Tayoyin Doguwar Hanya

A garinmu Pike Siding, in ka ce wa mutum "kai ma ka zama Reino," to ka shirya jin baƙar magana, don marowaci ka kira shi. Ni dai ban taɓa yarda da wannan fassara ba. Reino Salmela ba marowaci ba ne. Abin da idonsa ba ya iya gani shi ne a yar da abu da sauran amfaninsa. Shekara talatin da huɗu ya yi a mahaƙar ƙarfe yana facin bel ɗin da ke jan duwatsu, kuma duk lanƙwasasshiyar ƙusar da ya tsinta sai ya miƙar da ita da guduma ya jefa a gwangwanin gahawa. Gwangwanayen nan sun cinye bango guda a garejinsa. Matarsa Verna takan ce ranar da ya mutu sai an laluba aljihunsa kafin a rufe shi, don ba za a rasa ƙusa biyu da guntun igiya ba. Amma bari injin share ƙanƙararka ya mutu a tsakiyar Janairu, wa za ka gani a ƙofar gida da akwatin kayan aiki tun ba ka kira ba? Shi ne. In ka miƙa masa kuɗi kuwa, sai ya dube ka kamar ka zage shi.

Su biyu ne wurin mahaifinsu, shi da yayansa Wilho, direban motar katako. Tsohon ya san 'ya'yansa sarai, ya san ba sa awa guda tare ba su yi musu ba, don haka da zai bar duniya ya yi musu dabara. Jirginsa na kamun kifi, ɗan kwale-kwalen alminiyom mai tsawon ƙafa goma sha huɗu, ya bar wa Reino. Tirelar da ake ɗora jirgin a ja da mota zuwa tafki, ya bar wa Wilho. Dole ɗaya ya nemi ɗaya. Dabarar ta ci kuwa, shekara ashirin da ɗoriya. Duk Asabar ɗin watan Mayu da ake buɗe kamun kifin walleye, ranar da ko fasto ba ka samunsa a gida, za ka hango su a tsakiyar ruwa suna ta faɗa a kan inda za a jefa anga.

Abin da ya raba su, wallahi kunyar faɗarsa nake ji. A gindin irin wannan jirgi akwai ɗan rami na zubar da ruwa, ana toshe shi da matoshin roba kafin a sauke jirgin a tafki. Babu mai jirgin da bai taɓa mantawa da shi ba, wanda ya ce bai taɓa ba ƙarya yake yi. Reino ya manta da nasa ranar buɗe kamu, a gaban mutum wajen arba'in da ke layi. Ya je ajiye mota, ya dawo ya tarar da kwandon abincinsu yana iyo a cikin jirgi, Wilho yana tsaye ruwa har ƙauri, dariya ta hana shi magana. Da a nan ta tsaya, da da sauƙi. Bayan wata guda aka yi bikin Lorna, 'yar Reino tilo. Wilho ya miƙe wai zai sa wa ma'aurata albarka, ya ɓige da labarin matoshi, har da kwaikwayon gudun da ƙanensa ya yi da hula a hannu. Dangin ango, baƙi 'yan birni, suka yi ta ƙyaƙyatawa har da share hawaye. Washegari Reino ya je gidan Wilho, ya ɗaura tirelar a a-kori-kurarsa da jirgin a kai, ya kawo bayan garejinsa ya ajiye. Wilho bai zo karɓa ba, Reino bai mayar ba. Daga baya Wilho ya ajiye aiki ya koma kudu wurin 'yarsa, tafiyar mil ɗari biyu da arba'in. Shi ke nan fa. Dattawa biyu masu furfura, a kan roba da ba ta kai babban yatsa ba!

In aka tambayi Reino yaushe rabonsa da yayansa, sai ya ce, "An ɗan kwana biyu." Haka yake gaya wa kowa, kuma ina jin haka yake gaya wa kansa. Bai daina zuwa kamu ba. Mil uku ne daga gidansa zuwa tafki, mil uku dawowa, daga Mayu zuwa Oktoba. Sauran watannin tirela tana zaune a bayan gareji, ƙanƙara ta binne ta, rana ta tone ta.

Wata safiya a ƙarshen Afrilu waya ta yi ƙara. Verna ta ɗauka, ta saurara, ta zo ta manna masa ita a kunne tun bai ajiye kofinsa ba.

"Baffa, ni ce Janelle, 'yar Wilho. Don Allah kada ka kashe."

"Yaushe na taɓa kashe miki waya?"

"Ai ba ka taɓa ɗauka ba ne."

Gaskiya ta faɗa. Ta gaya masa tun watan Fabrairu ɓarin jikin mahaifinta na hagu ya shanye. Yana zaune a keken marasa lafiya, magana sai kalma ɗaya ko biyu, su ma da ƙyar.

"Kullum da safe sai ya nuna taga ya ce 'ƙanƙara', wai ko ta narke a tafki. Akwai tafki nan kusa da mu. Na ce zan samo jirgin haya ranar buɗe kamu, ya kau da kai, bai ci abinci ba ranar. Jirgin Kaka yake so. Likita bai ce komai ba, Baffa, amma ni ina da ido. In za ka zo, to bana ne."

"Zan duba," in ji Reino.

Da ya ajiye wayar, Verna tana tsaye riƙe da ƙugu. "Me za ka duba, Baban Lorna? Kalanda?"

"Tayoyi," ya ce, ya zari hularsa ya fice.

Ba ƙarya ya yi ba, tayoyin ya je dubawa, ko da yake rabin dalilin don kada ta ga fuskarsa ne. Ya tsuguna, ya ciro kwabo, ya cusa a zanen tayar kamar yadda kowa ke yi wa tayar mota. Zanen ya haɗiye rabin kwabon. Ya zagaya ɗaya gefen, haka. Kai, kamar jiya aka sa su! Abin da ya rasa safaya ce kawai, kuma yana da tayoyi biyu da ya cire daga tsohuwar motar Verna, suna rataye a bango. Ya sauko da ɗaya, ya ɗaura tirela, ya nufi shagon Marcy don ta ɗora masa ita a wili ta ƙara wa sauran iska.

Marcy Zupancic ta gaji shagon taya daga mahaifinta, ta gaji bakinsa kuma. Ta dubi tayar motar da ya sauke, ta dube shi.

"Baba Reino, wannan fa? Fulawa za ka shuka a ciki?"

"Safaya ce. Sabuwa ful."

"Ta mota ce. Gefenta laushi gare shi, an yi ta ne don mai zama a kujera ya ji daɗi. Ka ɗora mata jirgi ka hau babban titi, tirela za ta yi ta rawa a bayanka har ta ja ka rami. Ina za ka je ne ma da kake neman safaya? Ko tafkinmu ya ƙaura?"

Ya faɗi sunan garin a ciki-ciki. Marcy ta san wanda ke zaune a garin nan, duk Pike Siding an sani. Ta tsuguna gaban tayar tirelar, ta danna gefenta da babban yatsa. 'Yan tsage-tsage suka buɗe, sirara, birjik, kamar faso a diddige.

"Da waɗannan za ka yi mil ɗari biyu da arba'in?"

"Ke, dubi zanensu! Na gwada da kwabo."

"Kowa a garin nan da kwabonsa yake zuwar mini. Baba, yaushe tayar da ke yin mil shida a mako za ta suɗe? Ba zanen ke fara ƙarewa ba, robar ce ke bushewa tana zaune. A mil uku ba ta ko yin ɗumi, shi ya sa take rufa maka asiri. Awa ɗaya a kan kwalta da gudu za ta yi zafi ta tarwatse, jirgin mahaifinka ya kwanta a gefen titi. Zo ka gani."

Ta goge gefen tayar da tsumma, ta nuna masa wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Ya sa tabarau ya karanta: ɗaya, takwas, sifili, biyar.

"Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara," in ji ta. "Mako na goma sha takwas, shekarar dubu biyu da biyar aka yi su. Shekararsu goma sha tara."

Reino ya zauna daɓas a kan ƙarfen tirelar. Ya tuna tayoyin. Wilho ne ya saye su a wannan shagon, a hannun mahaifin Marcy, ana jibi buɗe kamu, shi kuma ya yi ta yi masa faɗa a hanya wai tsofaffin ba su mutu ba. Shekarar matoshi ke nan. Shekara goma sha tara! Ya san ɗan Lorna na fari bana yake gama sakandare, shi da kansa ya gyara masa mota, amma bai taɓa ajiye wannan lissafi kusa da wancan ba. "An ɗan kwana biyu" yake ta cewa, ga shi roba ta ƙaryata shi a gaban 'yar mutane. Kunya ta rufe shi, baƙin ciki ya biyo baya, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka binne mahaifinsu.

Marcy ta shige ciki ta daɗe, wai tana neman wani abu. Da ta ga ya fyace hanci ya mayar da tabarau aljihu, sai ta gangaro da tayoyi uku ta jera a gabansa.

"Duka na tirela ne, gefensu da tauri. Wannan ta ƙarshe dala ɗari da arba'in, ta masu jiragen da ke da firji a ciki ce. Ko ka ce kana so ba zan sayar maka ba, kada a ce na cuci tsoho." Ta ture ta da ƙafa. "Nauyin me kake ja?"

Ya lissafa mata jirgi, inji, batir, tankin mai, anga.

"Da gwangwanin ƙusa nawa?"

"Biyu ne kacal."

"To duka biyun nan za su ɗauka, har da rara. Wannan dala hamsin, ƙirar zamanin da ce, ita ce daidai da mil ukunka. Wannan kuma saba'in da biyar, da waya a cikinta, ba ta saurin yin zafi, ta doguwar hanya ce. Ba zan yi maka ƙarya don in ci riba ba. In sau ɗaya za ka je, ɗauki mai araha, ka bi a hankali, kana tsayawa tana hucewa, za ta kai ka ta dawo da kai. In kuwa za ka riƙa bin hanyar, to ta biyun. Tambayar ke nan, Baba, kuma ba ni zan amsa ta ba. Sau nawa za ka je?"

Reino ya ɗaga mai arahar ya juya ta. Duk jikinsa ita yake so, shekara saba'in da ɗaya yana zaɓen irinta kuma bai taɓa nadama ba. Sau ɗaya ai ya isa a ce ya sauke nauyi. Wa ya san ma ko Wilho zai dube shi? Ya ajiye, ya fita, ya zagaya shagon sau biyu hannu a baya, ya tsaya ya daɗe yana kallon jirgin. Kujerar gaba, inda Wilho ke zama, har yanzu da ɗan matashin da ya ɗaure da waya.

Ya dawo ya nuna ta biyun da haɓa. "Uku. Har da safaya."

"Ikon Allah! Bari in kira jarida."

"Ke dai sa taya. Tsaya tukuna." Ya sake sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karanta lambobin nan huɗu, ya tarar ɗaya ta bara ce, ya ce a canza masa. Marcy ta yi dariya har da riƙe ciki, ta canza.

"Shekara biyar ko shida suke yi," in ji ta tana ɗaure noti, "ko ka bi hanya da su, ko ka bar su a bayan gareji. Tsofaffin fa, in jefa a bola?"

"A'a. Ba nawa ba ne." Ya ɗauke su ya sa a bayan mota.

Ranar Juma'a, ana gobe buɗe kamu, da hantsi ya kama hanya. Verna ta cika masa kwando da burodin kirfa da gahawa, ta ce in ya yi faɗa da mara lafiya kada ya dawo mata gida. Duk bayan awa guda sai ya tsaya ya ɗora tafin hannu a kan tayoyin. Ɗumi-ɗumi kawai suke. Shi kuwa yana ta shirya abin da zai ce yana rushewa.

Bai ma sami damar cewa komai ba. Ya tarar da Wilho a baranda cikin kekensa, ya rame, ɓarin bakinsa ya zube. Mutumin da muryarsa ke tsallaka tafki! Reino ya cire hula ya ce, "Yaya." Wilho ya dube shi sau ɗaya, ya mayar da ido kan jirgin, bai sake ɗagowa ba har aka shiga ciki. Janelle ce ta yi ta surutu ita kaɗai a wurin cin abinci.

Da safe suka tarar da layi a gangaren da ake sauke jirage, kamar kowace ranar buɗe kamu. Da layi ya zo kansu, Reino ya yi baya da mota har tayoyin suka taɓa ruwa, ya fito yana kwance igiyoyi. Sai ya ji ana dukan ƙarfe. Wilho ne yake buga hannun kekensa da hannunsa mai lafiya, wuyansa ya miƙe, yana kokawa da bakinsa.

"Ma... ma... matoshi."

Janelle ta dafe ƙirji. Kunnuwan Reino suka yi ja, tsohon fushin nan ya taso masa har wuya. A gaban mutane kuma? Bayan mil ɗari biyu da arba'in? Ya buɗe baki zai yi magana, hannunsa ya faɗa aljihun rigarsa, ya ji wani abu mai tauri. Ya ciro. Matoshin ne. Shekara goma sha tara bai sake mantawa ba ko sau ɗaya, sai yau.

Ya dubi robar, ya dubi yayansa. Kafaɗar Wilho ɗaya tana girgiza, rabin fuskarsa yana dariya, hawaye na bin ɗaya rabin. Reino ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ina! Dariyar ta ƙwace masa, ya jingina da jirgi yana yi har tari ya sarƙe shi. Na bayan layi suka fara danna oda, wani ya leƙo ya ce, "Dattijo, kifi muka zo kamawa, ba wasan kwaikwayo ba!" Mai maganar nan da abokinsa ne kuma suka fito suka ɗaga Wilho cak suka zaunar da shi a kan matashinsa.

Walleye biyu suka kama. Wilho ya riƙe sanda da hannun dama, Reino ya tare da koma. Sun yi faɗa a kan anga, ɗaya da baki, ɗaya da yatsa, kuma mai yatsan ne ya ci.

Da rana ta take suka fito. An mayar da Wilho kekensa a gefen tirela, Reino yana ɗaure jirgi. Daga inda yake zaune tayar tana daidai idonsa. Mutumin da ya yi shekara arba'in a kan mota mai taya goma sha takwas ba sai an karanta masa ba. Ya miƙa hannu ya shafa zanen, ya bi rubutun gefen da yatsa.

"Tsofaffin?"

"Suna bayan mota. Naka ne, ban yar ba."

Wilho ya sake shafa tayar. "Doguwar... hanya."

"To, sai me?"

"Kai?" Wilho ya nuna shi da yatsa, ya murza yatsu biyu alamar kuɗi, ya girgiza kai.

Reino ya ja igiyar da ta riga ta ɗauru, ya sake ja. Bai iya duban yayansa ba. "Marcy ta ce shekara biyar ko shida suke yi, ko an bi hanya da su ko ba a bi ba. Ka san halina, Yaya. Ba zan zuba ido su bushe a banza ba."

Wilho ya kamo hannun rigar ƙanensa ya riƙe gam.

"Asabar," ya ce.

"Asabar. Amma ni zan zaɓi wurin anga."

Janelle tana share ido ta ce ai sai a bar jirgin a nan, Baffa ya riƙa zuwa da mota kawai, ya fi sauƙi. "A'a!" suka ce a tare, kuma ta rantse wannan ce kalmar da ta fi fita tsaf daga bakin mahaifinta tun watan Fabrairu.

Sau goma sha ɗaya Reino ya bi hanyar nan kafin sanyi ya shigo. Wilho yana nan, yanzu yana haɗa kalma huɗu, uku daga ciki na tsokana ne. A watan Oktoba Reino ya kawo tirelar shagon Marcy a duba iska kafin ya ajiye ta. Ta tsuguna, ta ce ya ba ta aron kwabonsa, ta cusa a zanen tayar, ta ciro, ta sake cusawa. Ta ce shekararta talatin a shagon nan, ba ta taɓa ganin tayar tirelar jirgi da hanya ta fara cinyewa ba sai wannan.

Reino ya karɓi kwabonsa ya mayar aljihu. Ya tambaye ta ko tayoyin nan za su iya da titi mai ƙanƙara, don Wilho ya ce a zo masa da burodin Verna ranar Kirsimeti.

"Da jirgi za ka je a watan Disamba, Baba?"

Ya ɗan yi tunani. "A'a," ya ce. "Ina jin wannan karon haka nan zan je."